Hasumiyar Kakana a Idon Kifi

Kakana Nugzar magini ne.
Shekara arba'in da ɗaya yana ɗora dutse kan dutse a Mestiya,
igiya da dunƙulen dalma ba sa barin aljihunsa,
ko cokali ya ajiye a tebur sai ya daidaita shi.
Hasumiyar gidanmu, da ƙanƙara ta tsage mata kafaɗa,
shi ya ɗinke ta, bazara uku, da hannun da ba ya rawa.

Ni kuwa keke na sani.
Na ɗaura kyamara a goshin hular kwano,
'yar mitsitsiya, ba ta kai akwatin ashana biyu ba,
na gangaro daga tudu, tsakuwa na tsalle,
iska na yi mini fito a kunne,
na wuce ƙofar gida kamar an harbo ni.

Da dare na kunna masa a allo.
Ya gyara tabarau. Ya yi tsit.
Sai ya zabura har kujera ta faɗi:
"Tsisana, wa ya karya mini gini?"

Ga hasumiya can a gefen hoto,
ta yi doro kamar baka a hannun maharbi,
dutsen Ushba ya sunkuyo yana leƙen ta,
ƙasa ta kife kamar ƙwarya,
hannuwana sun yi tsawon na wani.

Na ce, Kaka, ba ginin ba ne, ido ne.
Idon kifi aka sa mata, mai haɗama,
so take ta haɗiye dama da hagu a loma ɗaya.
Duniya da faɗi, akushi ƙarami.
Na tsakiya kan tsira da kamanninsa,
na baki-baki ake murɗewa don ya shiga.
Ka ɗaga kai, inda sama ta taɓa ƙasa ya yi murmushi,
ka sunkuyar, ya turɓune.

Bai saurare ni ba. Ya ɗauki fitila,
ya fita cikin sanyi ko hula babu,
ya sako dalma daga tagar hawa na uku.
Igiya ta tsaya, bango ya tsaya,
ba tazarar da farce zai shiga.
Ya dawo yana huci: "Na'urarki maƙaryaciya ce."

To, akwai magani. Na buɗe manhaja,
na ja ɗan maɓalli sannu zuwa dama.
Hasumiya ta miƙe baya kamar wanda ya tashi daga barci,
Ushba ya koma mazauninsa,
ƙasa ta kwanta.
Kakana ya gyaɗa kai.

Sai dai gyara ba ya zuwa kyauta.
Ana jan gefuna ne, a datse abin da ya yi saura.
A kusurwar hagu, inda almakashi ya bi,
dā akwai Kaka Eteri a bakin shinge,
jan gyale, bokitin madara a hannu ɗaya,
ɗayan a sama tana yi mini tsawa in rage gudu.
Yanzu sai shinge. Sai rabin bokiti.

Ya daɗe yana kallon miƙaƙƙen bangonsa.
Ya ɗora yatsa a kusurwar da ba kowa.
"Mayar," ya ce.
Na mayar. Gini ya sake yin doro,
Eteri ta dawo, fuska a jaye kamar a bayan cokali,
baki buɗe.
Ya ce, "Haka take in tana faɗa. A nan kam ba a yi ƙarya ba."

Washegari na rage faɗin ido kafin in hau,
na saita kyamara, ba sama ba ƙasa,
na nufo gida, gini a tsakiyar goshina.
Su biyun na hango a gindin hasumiya,
ya kamo hannunta ya jawo ta tsakiyar hanya,
yana ɗaga mini igiya:
"Nan za mu tsaya. Ke dai ki kama birki."